Ka Taya Gida a Amurka, Mai Gida Ya Yi Shiru: Matakan Sa Wa'adi da Jiran Amsa

A Amurka babu dokar da ta tilasta wa mai gida ya amsa tayin da aka yi wa gidansa. Yana iya sallamawa, yana iya cewa albarka, yana iya dawo maka da nasa farashin, yana kuma iya yin gum har takardarka ta mutu, babu mai tuhumarsa. Agogo ɗaya ne ke aiki a wannan tsakanin, shi ne wanda kai mai saye ka rubuta a cikin takardar tayin: rana kaza, ƙarfe kaza, idan ba a amsa ba tayina ya tashi.

Nan ne mutanenmu ke shan wahala, waɗanda suka yi shekaru suna tara na kansu a Bronx ko Houston ko Atlanta ko kewayen Washington. Mun taso inda cinikin gida ke tafiya da ganin ido da kunya. Dillali ya kai ka, a zauna a zaure, ka taya, mai gida ya ce a ba shi kwana biyu ya shawarci 'yan'uwa, idan kuma ya sayar a bayan idonka akwai dattawan da suka ji, akwai wanda za a kai wa ƙara. A Amurka sau da yawa ko fuskar mai gidan ba za ka gani ba. Dillalinka ne ke aika takarda wa dillalinsa, kuma wanda ya riƙi kawaici a matsayin dabarar ciniki zai wayi gari ya tarar an sayar wa wani. Kowace jiha tana da fom ɗinta da al'adarta, don haka duk adadin kwanakin da za ka gani a nan sai ka gwada shi da takardar da ke gabanka.

Mataki na 1: Gama da maganar kuɗi kafin ka taya

Gajeren wa'adi makami ne, amma sai a hannun wanda ya shirya. Ka fara karɓo takardar amincewar farko daga inda za ka ci bashin gidan, wadda ke nuna sun duba albashinka da basussukanka sun yarda su ba ka har zuwa kaza. Yawanci takan yi aiki kwana 60 zuwa 90, bayan nan sai an sabunta. Idan ta hanyar kamfanonin da ke hulɗa bisa tsarin Musulunci za ka bi, irin su Guidance Residential ko UIF, su ma suna ba da irinta. Ka tambaye su tun yanzu kwana nawa suke bukata daga ranar da ciniki ya faɗa zuwa ranar biya, domin wannan adadin zai shiga cikin tayinka.

Sai kuɗin hannu. Masu ba da bashi sukan nemi bayanin asusunka na wata biyu, kuma duk wani babban kuɗi da ya faɗo ciki sai ka faɗi daga ina yake, da takarda. Kwasar adashi, kuɗin filin da aka sayar maka a Kaduna, gudummawar wani ɗan'uwa, duk ka shigo da su da wuri tare da shaidarsu. Idan kyauta ce za a nemi wanda ya bayar ya rubuta cewa ba rance ba ne. Kuɗin da ke Najeriya ko Nijar ko Gana, a lissafin mai sayar da gida, kuɗi ne da ba ka da su tukuna.

Tun watan Agustan 2024 yawancin dillalai ba sa kai ka ganin gida sai kun rattaba hannu a kan yarjejeniyar da ta fayyace la'adarsu. Ka karanta ta a natse tun kafin ka ga gidan da zai tafi da hankalinka.

Mataki na 2: Sa dillalinka ya bugi cikin dillalin mai gida

Kafin a rubuta komai, kiran waya ɗaya zai gaya maka wa'adin da ya dace. Dillalinka ya tambaya: mai gida ya sa ranar rufe karɓar tayi? Akwai wasu tayin a hannu? Yana gari ko ya yi tafiya? Sauri yake so, ko yana bukatar lokaci kafin ya kwashe kaya? Tambayar da ta fi duka nauyi kuwa ita ce wa da wa za su sa hannu.

Idan mutum ɗaya ne ko miji da mata, amsa takan zo cikin kwana ɗaya zuwa uku. Idan gidan gado ne, magada uku a jihohi uku, ka ƙara musu lokaci, ka dai san yadda shawarar magada take ko a ina. Idan banki ne ya ƙwace gidan yake sayarwa, ma'aikaci ne zai duba a ranakun aiki kaɗai, takarda ta bi ofis-ofis, mako guda ba abin mamaki ba ne, kuma wa'adinka bai dame su ba. Mafi jan rai shi ne gidan da bashin da ke kansa ya fi kuɗin da za a sayar da shi. A nan ko mai gida ya sallama sai bankinsa ya yarda ya yafe ragowar, abin da kan ɗauki makonni ko watanni. Wanda hayarsa za ta ƙare nan da wata biyu ya nisanci irin wannan.

Inda kasuwa ke da zafi akwai tsarin da za ka yi ta gani. A saka gida a kasuwa ranar Alhamis, a buɗe shi ga masu kallo Asabar da Lahadi, a ce duk mai so ya kawo tayi kafin yammacin Litinin, a ba da amsa Talata. Ka sani wannan ranar ba ta ɗaure mai gida ba. Idan wani ya zo ranar Asabar da tayi mai tsoka ya ce amsa yake so a daren, mai gida na iya sallamawa ba tare da ya jira Litinin ba. Saboda haka dillalinka ya rubuta wa nasa cewa kuna da niyya, a sanar da ku idan za a yanke hukunci da wuri.

Game da ko akwai wasu tayin, ƙa'idar babbar ƙungiyar dillalan gidaje ta Amurka ita ce dillali ya faɗa idan mai gida ya ba shi izini. Idan ya ƙi cewa komai, ba lallai ɓoye-ɓoye yake ba.

Mataki na 3: Zaɓi wa'adi, ka rubuta rana da sa'a

Fara duba abin da fom ɗin jiharka ya riga ya tanada. A fom ɗin ƙungiyar dillalan Kalifoniya, idan ba ka canza ba, tayi na mutuwa da ƙarfe 5 na yamma a rana ta uku bayan ka sa hannu. A fom ɗin da aka fi amfani da shi a Florida akwai gurbin da za ka cike da ranar, sannan duk sabon farashin da wani ɓangare ya mayar yana da kwana biyu idan ba a rubuta wani abu daban ba. Fom ɗin hukumar dillancin gidaje ta Texas kuwa ba shi da gurbin wa'adin tayi, don haka tayinka na nan a buɗe har sai ka janye shi, ko kuma a sa wa'adin a rubuce ta hanyar da lauya ya amince da ita. A al'ada ana ba da sa'a 24 zuwa 72.

Nawa za ka zaɓa? Idan mai gida ya ce Litinin ƙarfe 5 zai rufe karɓa, ka sa naka wa'adin ya wuce wannan da kwana guda. Tayin da ya mutu kafin a buɗe shi asarar tawada ce. Idan gidan ya yi wata biyu a kasuwa babu mai tayi, sa'a 24 zuwa 48 sun isa, domin doguwar rana a irin wannan hali kyauta ce ka ba dillalinsa. Zai ɗauki waya ya kira duk wanda ya taɓa leƙa gidan ya ce an taya, mai so ya hanzarta. Ka ba shi kwana biyar, ka ba shi kwana biyar na neman wanda zai fi ka.

Akwai masu sa wa'adin sa'a huɗu ko shida don su ƙure mai gida kafin wasu su farga. Wannan na aiki ne kawai idan tayin ya kai abin da aka nema ko ya zarce, kuma sharuɗɗansa kaɗan ne. Ka taya ƙasa da farashi sannan ka ce amsa kake so kafin magariba, ka haɗa rowa da gadara, kuma mai gida ɗan Adam ne, yana iya ƙin ka don haushi kawai. Ni a ganina sa'a 48 da za su ƙare da ƙarfe 5 na yamma a ranar aiki ita ce madaidaiciya ga yawancin gidaje.

Kada ka yarda a rubuta "cikin kwana uku" a bar shi haka. Daga yaushe za a fara ƙirga? Lahadi na ciki? A rubuta cikakkiyar rana da wata da sa'a, da agogon garin da gidan yake. Ka kuma duba naka uzurin. Kada wa'adi ya faɗa tsakanin ƙarfe 1 da 3 na ranar Juma'a lokacin da wayarka ke kashe a masallaci. Ranar Sallah ma, a idon takardar, rana ce kamar kowace.

Idan tafiya gida ta kama ka a tsakiyar ciniki, sa hannu ta intanet ya halatta a dokar tarayya tun shekarar 2000, kuma kusan kowa da DocuSign ko makamancinsa yake aiki. Sai dai ka yi lissafin agogo. A lokacin bazararsu, ƙarfe 5 na yamma a New York ƙarfe 10 na dare ne a Kano, na Houston 11 na dare, na Kalifoniya kuwa ƙarfe 1 na dare. Idan sunan maiɗakinka na cikin tayin, ita ma sai ta sa hannu a kowace takarda, kuma hannu ɗaya ba ya wadatarwa.

Mataki na 4: Tabbatar tayin ya isa hannun mai gida

Ƙa'idar babbar ƙungiyar dillalan gidaje ta Amurka ta wajabta wa mambobinta su miƙa kowane tayi da gaggawa ba tare da son rai ba. Ta kuma ce idan dillalinka ya nema a rubuce, dillalin mai gida ya ba shi shaida a rubuce cewa an gabatar da tayin, ko kuma cewa mai gida da kansa ya ce kada a kawo masa. Mutane da yawa ba su san da wannan ba. Ka ce wa dillalinka ya nemi wannan shaidar a cikin saƙon da ya aika tayin, ya kuma tambayi lokacin da za a zauna a duba.

Mataki na 5: Yi amfani da lokacin jira

Shirun sa'a goma sha biyu ba ya nufin komai. Mai gida na wurin aiki, ko yana jiran matarsa, ko yana jiran wani tayin da aka yi masa alkawari. Tuntuɓa ɗaya daga dillalinka a tsakiyar wa'adi, da wata sa'o'i kaɗan kafin ya cika, sun wadatar. Babban kuskure shi ne ka ƙara kuɗi alhali ba a ce maka komai ba. Wanda ya yi wa kansa ƙari ya gaya wa mai gida cewa da sauran a aljihu.

Abin yi shi ne ka yanke iyakarka. Rubuta adadin da ba za ka wuce ba, da sharuɗɗan da za ka iya sassautawa, da waɗanda ba za ka taɓa ba. Duk wanda za ka shawarta, yanzu ne lokacinsa. Kira gida ka ce, "Yaya, na taya dubu ɗari uku da talatin da biyar. Idan suka ce da arba'in da biyar, in shiga ko in haƙura?" Kada ka bari sai amsa ta zo da wa'adin sa'a 24 sannan ka fara neman layin wanda ke ƙauye wajen biki. Istihara ma gara a yi ta tun kafin a aika tayin. Ka kuma nemo mai duba lafiyar gida ka ji ranar da yake da sarari.

Ci gaba da kallon wasu gidajen, babu laifi. Amma kada ka aika tayi na biyu alhali na farko na raye, sai da shawarar lauya. Idan duka biyun suka sallama, ka ɗaure kanka da gida biyu.

Mataki na 6: Idan ya dawo maka da nasa farashin

A ce an sa gida dala 350,000, ka taya 335,000, mai gida ya dawo da 345,000 ya ce zuwa gobe ƙarfe 12 na rana. Abubuwa biyu sun faru. Tayinka na farko ya mutu, ko da wa'adinsa bai cika ba, kuma agogo ya juyo kanka. Idan ka mayar da 340,000, ka kashe nasa 345,000 ɗin. Ya ƙi, ka ce to na yarda da na farkon, yana da ikon cewa ya fasa.

Wannan tsohuwar ƙa'ida ce da Amurka ta gada daga Ingila, kuma ɗaliban lauya a Najeriya ma da ita ake fara musu darasin yarjejeniya. A shari'ar Hyde da Wrench ta 1840, mai gona ya ce fam 1,000, mai saye ya taya 950, aka ƙi, ya dawo ya ce ya amince da dubun, kotu ta ce babu ciniki. Ba farashi kaɗai ba, canza ranar biya ko cire injin wanki daga lissafi ma sabon tayi ne. Tambaya ce kawai ba ta kashe tayi. Dillalinka na iya bugawa ya ji ko za a yi la'akari da 340,000 ba tare da an rubuta komai ba, kuma haka ya kamata a fara.

Kada kuma ka ɗauka "zuwa gobe ƙarfe 12" alkawari ne na za a jira ka. A shari'ar Dickinson da Dodds, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke a 1876, mai gida ya rubuta cewa zai sayar a kan fam 800 kuma tayin na nan har safiyar Juma'a ƙarfe 9. Ranar Alhamis ya sayar wa wani. Mai sayen farko ya ji labari, ya yi sammako ya tare shi a tashar jirgin ƙasa kafin wa'adin ya cika ya miƙa masa amincewarsa, aka ce masa ya makara, kotu kuma ta goyi bayan mai gida, domin ba a biya shi komai don ya jira ba. Haka abin yake har yau: wa'adi na faɗa maka lokacin da tayi zai mutu da kansa, bai hana mai shi janye shi kafin nan ba. Idan farashin ya yi maka, sa hannu a take, a mayar, kada ka kwana a kai don kada a ce ka ƙagu.

Inda tayi ya yi yawa, sau da yawa za a ce kowa ya kawo iyakar abin da zai iya zuwa ƙarfe kaza. Dama ɗaya ce, ka ba da adadin da ka rubuta a Mataki na 5. A Kalifoniya akwai fom na musamman da mai gida ke mayar wa mutane da yawa farashi a lokaci guda, kuma a wannan, ko ka sa hannu ciniki bai faɗa ba sai ya sake sa nasa a kan takardarka.

Mataki na 7: Idan wa'adi ya cika babu amsa

Tayin ya mutu, ba a bin ka komai. Idan har yanzu kana son gidan kuma dillalinsa ya ba da uzuri mai ma'ana, ka tsawaita a rubuce da sabuwar rana da sa'a. Sau ɗaya ya isa. Wanda ya tsawaita sau uku ya koya wa mai gida cewa wa'adinsa wasa ne. Idan ba a ce komai ba, bar shi ya mutu ka sa ido. Gidan da ya ƙara mako uku a kasuwa yakan sauko da kan mai shi, sai ka sake tayawa.

Idan mai gida ya sa hannu bayan wa'adi ya wuce, ba ka ɗauru ba. Sa hannunsa ya zama kamar sabon tayi gare ka, ka karɓa ko ka bari. In za ka karɓa, a gyara ranar a takarda kowa ya sa hannu, don kada gobe wani ya fake da cewa yarjejeniyar ba ta inganta ba.

Idan kai ne ka sauya ra'ayi kafin wa'adi, a yawancin jihohi kana iya janyewa matuƙar amincewar mai gida ba ta iso ba. Yi shi a rubuce, ta saƙon da ke nuna lokaci. 'Yan'uwanmu na Toronto su lura, a Ontario ta Kanada abin ya bambanta: fom ɗinsu na ɗauke da lokacin da ba a janye tayi kafin ya cika, kuma kotuna na riƙe mutum a kansa.

Idan wani aka sallama wa, kana iya neman a karɓi tayinka a matsayin na ko-ta-kwana, wato idan cinikin farko ya rushe a koma kanka. Yakan rushe kuwa, ko a wajen bashi ko a wajen duba gida. Ka tabbatar an rubuta cewa kana iya fita duk lokacin da ka sami wani gidan. Mai jin ɗar saboda hanin yin tayi a kan tayin ɗan'uwa ya tuna bayanin Imamu Malik, cewa hanin ya shafi lokacin da mai kaya ya riga ya karkata ga wani har suna daidaita sharuɗɗa. Kayan da aka baje don kowa ya taya ba su shiga ciki ba, jiran layi kuma daban yake da zuga mai gida ya warware alkawari.

Abu ɗaya da bai halatta ba shi ne a yi watsi da kai saboda launin fata, addini ko ƙasar asali. Dokar adalci a harkar gidaje ta 1968 ta haramta wannan, kuma ana kai koke ga ma'aikatar gidaje ta tarayya cikin shekara guda. Shi ya sa ba na goyon bayan wasiƙar roƙo da hoton iyali da wasu ke haɗawa da tayi. Ka miƙa wa wanda ba ka sani ba duk abin da zai iya ƙin ka a kansa, ba tare da ka iya tabbatarwa ba.

Mataki na 8: Kada ka yi murna da "an sallama" ta waya

Cinikin ƙasa da gida sai a rubuce da sa hannu, ƙa'idar da ta samo asali daga wata dokar Ingila ta 1677. Dillali ya kira ka da daddare ya ce barka, mai gida ya yarda, gobe zai sa hannu: har yanzu ba ka da gida. Ciniki na faɗawa ne idan kowa ya sa hannu a kan takarda guda kuma an isar da ita gare ka ko dillalinka. Ka nemi kwafin a daren, kada ka sanar da mai gidan hayarka za ka tashi sai ka gan shi.

A wasu jihohin ma da sauran tafiya. A birnin New York da kewayensa amincewa da tayi ba ta ɗaure kowa, sai lauyoyi sun rubuta cikakkiyar yarjejeniya, ka sa hannu ka ajiye kafin alƙalami, yawanci kashi 10 cikin ɗari, sannan mai gida ya sa nasa. A wannan tsakanin wani na iya shigowa, don haka lauyanka ya zama a shirye tun kafin ka taya. A New Jersey akwai kwana uku na aiki da lauyan kowane ɓangare zai iya soke yarjejeniyar da dillali ya cike, a yankin Chicago kuma fom ɗin da aka saba da shi na ba da kwana biyar na aiki. Wanda ke Ingila ya fi kowa zama a kan ƙaya, domin can babu abin da ya ɗaure kowa sai ranar musayar takardun yarjejeniya, wadda kan zo bayan makonni.

Mataki na 9: Rubuta sabbin wa'adodin a daren da ciniki ya faɗa

Daga nan kusan duk agogunan kanka suke, kuma mai gidan da ya sami tayi mafi tsoka bayan naka jira yake ka makara. Na farko shi ne kafin alƙalami, wanda a yawancin wurare kan kama kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari, ana ajiye shi a asusun amana wurin ɗan tsakani, ba a hannun mai gida ba. Wa'adin ajiye shi a Kalifoniya kwana uku na aiki ne, a Texas da Florida kwana uku.

Sai lokacin bincike. Fom ɗin Kalifoniya na ba da kwana 17 don duba gida da ƙiyasin darajarsa da tabbatar da bashi, mai gida kuma ya kawo bayanan aibin gidan cikin kwana 7. Na Florida na ba da kwana 15 na dubawa idan ba a rubuta wani adadi ba. A Texas sayen lokacin kake yi: ka biya wani ɗan kuɗi da ba ya dawowa idan ka fasa, a ba ka kwanakin da kuka daidaita, kana iya fita ba tare da ba da dalili ba har zuwa ƙarfe 5 na yammacin ranar ƙarshe, kuma wannan ranar ba ta matsawa don ta faɗa Asabar ko Lahadi. Wanda ya karanta Muhtasar zai gane wannan da cinikin zaɓi, inda Malikiyya suka ba gida kimanin wata guda. Batun kafin alƙalamin da ke salwanta idan mai saye ya fasa kuwa, Malikiyya sun hana, Hambaliyya sun halatta, sai ka tambayi malaminka tun kafin ka sa hannu. Idan an gina gidan kafin 1978, dokar tarayya ta ba ka kwana 10 ka bincika ko akwai fenti mai gubar dalma, sai dai in kun rubuta wani abu daban, kuma mai ƙananan yara bai kamata ya yafe wannan ba.

Idan dubawa ta tono matsala ka nemi gyara ko ragi, ka koma gidan jiya: mai gida na iya yin shiru, kwanakinka kuma na tafiya. Aika buƙatar da wuri, idan ranar ƙarshe ta matso babu amsa, ko dai a tsawaita a rubuce ko ka soke a rubuce kafin sa'ar ta buga.

Daga ranar sallama zuwa ranar karɓar makulli yawanci kwana 30 zuwa 45 ne ga mai cin bashi. Mai ba da bashin zai ba ka ƙiyasin kuɗaɗe cikin kwana uku na aiki bayan ka cike buƙata, sannan cikakken lissafin ƙarshe aƙalla kwana uku na aiki kafin ranar biya. Idan ya makara da wannan, ranar biya ce za ta matsa, kuma sai mai gida ya amince a rubuce. A makon ƙarshe ne 'yan damfara ke aiko imel da sunan ofishin da ke riƙe da kuɗin amana, da sabuwar lambar asusu da gargaɗin cewa wa'adi yau ne. Kafin ka tura ko dala ɗaya, kira ofishin ta lambar wayar da ke cikin takardunka na farko, a karanta maka lambar asusun baki da baki.